Dattawa Biyu a Kati Ɗaya

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a Tudun Wada, kuma ban ga mai taurin kai irin Hajiyar ɗakin kati ba. Ita ce mai kula da tsohuwar kwamfutar da ke riƙe da bayanan marasa lafiya, wata ƙatuwar na'ura mai baƙin allo da korayen haruffa, wadda aka ba ta fanka biyu ita kaɗai alhali mu muna ta zufa. Mukan tsokane ta mu ce ita da na'urar sa'annin juna ne. Sai ta ce, "Ita dai ba ta zuwa aiki a makare kamar ku."

Yawancin dattawan da ke zuwa wurinmu ba su san ranar haihuwarsu ba. Saboda haka tun farko aka saba rubuta musu ɗaya ga Janairu, a kintaci shekarar. Ga sunaye kuma iri ɗaya, har da sunan uba. Hajiya ta samo dabara. Akwai ɗan fili a ƙasan kowane shafi, nan take rubuta abin da ya bambanta mutum da takwaransa: mai ɗinkin hula daga Tudun Jukun, tsohon direba daga Hanwa, wanda magani kaza ba ya karɓarsa.

Ana nan sai kamfanin da ya sayar mana da na'urar ya aiko takarda cewa sun daina kula da tsohon tsari. A da, in na'urar ta cije, Hajiya kan buga wa injiniyansu waya, ya faɗa mata abin da za ta danna, kafin shayinta ya huce an gyara. Yanzu sai dai a shiga intanet a rubuta koke, a ba ka lamba, ka zauna jira. Ranar wata Asabar suka kwashe bayanan duka zuwa sabuwar manhaja, suka ce a kashe tsohuwar, za su zo ɗauka ranar Juma'a.

Tun safiyar Litinin Hajiya ta fara faɗa. Manhajar ta ɗauka duk masu suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya mutum guda ne, ta haɗe katinsu, ɗan filin nan na ƙasa kuwa bai biyo su ba. Ta rubuta koke sau uku. Ta buga waya, wata murya ta ce ta danna ɗaya. "Na danna ɗaya, na danna biyu," in ji ta, "har yanzu ban ji ɗan Adam ba." Ni kam dariya na yi. Sabuwar manhajar ta burge ni, ga launi ga sauri, na ɗauka Hajiya makokin tsohuwar ƙawarta kawai take yi.

Ranar Laraba aka kawo wani dattijo da miki a ƙafa. Likita ya duba allo, bai ga wani gargaɗi ba, ya rubuta masa allurar fenisilin. Na riga na zuƙi maganin, ina goge masa wurin da auduga, sai ga Hajiya a ƙofa, mayafinta na zamewa. Ban taɓa ganin ta bar ɗakin kati a lokacin aiki ba.

"Sista, dakata," ta ce. Ta juya wurin dattijon. "Baba, kai ne mai ɗinkin hula, ko direban?"

"Hula nake ɗinkawa, 'yata."

"An taɓa yi maka allura a nan ka kumbura?"

"An yi, da daɗewa. Har numfashi ya gagare ni. Amma ban san sunanta ba."

Ya kamata in tsaya nan, amma raina ya ɓaci, ga layi har bakin titi. Na ce mata allura iri-iri ce, likita ya duba, kuma allo bai nuna kome ba. Ba ta tsaya musu da ni ba. Ta riƙe mini wuyan hannu, ta ce a kira likita.

Mu uku muka tafi ɗakin kati. Ta jona tsohuwar na'urar da aka ce a kashe, muka tsaya tana gurnani kafin ta farka. Hajiya ta buga sunan, shafi biyu suka fito. A ƙasan na mai ɗinkin hula ga rubutunta na shekarun baya: kada a yi masa fenisilin. Likita ya karɓi takardar da ya rubuta ya canza maganin. Ni kuwa na koma ɗakin allura na zubar da maganin da na zuƙa. Kunya da tsoro suka haɗu mini, kuma tun ranar ban ƙara tsokanarta ba.

Ranar Juma'a mutanen kamfani suka zo da mota. Hajiya ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa, ta ce na'urar ba za ta fita ba sai ta kwafe kowane layi na ƙasan shafi, ko da zai ɗauke ta wata guda. Suka nuna mata takarda, ta ce su rubuta koke, za ta ba su lamba. Haka suka juya da motarsu babu kome.

A ranar ce dattijon ya dawo wankin miki. Ya wuce Hajiya a zaune bai ko gane ta ba, ya shigo wurina yana dogara sanda. Da na gama ɗaure masa ƙafar, ya dube ni ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata, hannunki da sauƙi." Ni dai na san addu'ar nan ta Hajiya ce, ba tawa ba.