Ranar da Aka Ce Mai-keke Ta Koma Gida

Mai-keke ake ce mata, don tun tana da ƙuruciya keken ɗinki ne cinta da shanta. Ɗaki ɗaya take haya a ƙarshen layi, keken a gindin taga, igiya daga wannan bango zuwa wancan, kayan mutane rataye a kai. Mijinta ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa. Ɗa ɗaya Allah ya bar mata, shi ma neman abinci ya kai shi gari mai nisa, sai dai waya.

Baiwar Allah ce mai tsoron haƙƙi. Ragowar yadi ko bai kai tafin hannu ba, sai ta naɗe shi a cikin riga ta mayar wa mai shi. Ga kunya kamar me. Ba ta iya ce wa mutum ya maimaita magana, gara ta ce "to" ta je gida ta yi ta juya abin a ranta.

To, wata safiya tana wanka ta ji ƙullutu a nononta na hagu. Ta yi shiru da bakinta, ta shafa man zafi, ta yi addu'a. Da abin ya ƙi tafiya ta ɗauki mayafi ta tafi asibiti ita kaɗai. Aka duba aka ce kansa ce. Aka yi mata aiki aka cire. Ɗanta ya zo ya yi jinya iya kwanakin da aka ba shi a wurin aiki, ya koma.

Likita ya ce za a aika ɗan abin da aka cire ɗakin gwaji, a bincika ƙwayoyin halittarsa, a ga wane iri ne. Wai ita ma kansar ba ɗaya ba ce, kowace da halinta da maganinta. Mai-keke ta ce to, Allah ya sa a dace.

Kafin sakamako ya fito takan je wankin ciwo. Bencin da take jira yana ƙofar ɗakin da ake ƙara wa mata ruwan nan mai zubar da gashi. Nan ta saba da su. Akwai wata ƙatuwa mai baki, Uwar Tagwaye, allura a hannu amma ba ta bar kowa ya huta ba.

"Yaya, shigo mana, me kike raɓe-raɓe? Ga kujerarki nan mun ajiye miki. Wannan gashin naki kuwa ki yi masa sallama tun yanzu."

"Ai dama ba wani gashi ba ne," in ji Mai-keke.

"Gara ke. Ni nawa har maigidan ya fara ce mini Malam."

Ɗaki ya kwashe da dariya. Rabon Mai-keke da ta yi dariya har haƙarƙarinta ya amsa, ita ma ba za ta iya tunawa ba. Nan ne kuma ta lura da abu guda. Duk wadda aka cire wa ruwa aka ce ta je gida ta huta, ba a sake ganinta, sai dai a ji labari a yi salati. Matan ma sun sani. In aka ce, "An sallami wance," sai ɗaki ya yi tsit.

Ranar sakamako layi ya yi tsawo, likita na sauri. Ya kalli na'urar da ke gabansa ya yi bayani mai yawa, kanta bai ɗauka ba. Abin da ya zauna mata shi ne ƙarshen: "Mama, ke ba sai an sa miki ruwa ba. Ki je gida, ki riƙa shan wannan ƙwayar kullum." Har da murmushinsa. Ita kuwa ta ce a ranta, haka suke yi wa mutum murmushi in sun gama da shi. Ta ce, "Na gode, Allah ya saka da alheri." Ta fita ta ɗaya ƙofar don kada su Uwar Tagwaye su gani a fuskarta.

Ƙwayoyin ƙanana ne, farare. Ta juya kwalin ta ce wannan ai na lallashi ne, ta sa a aljihun jaka ba ta ɓare ko ɗaya ba. Ba ta yi fushi da Ubangijinta ba. Ta dai ce, tunda tafiya ta zo, kada a same ta da kayan mutane.

Ta hau keke ta gama duk abin da ke kan igiya. Wanda ba ta yanka ba ta bi gida-gida ta mayar, har da zare da maɓallai. Maƙwabciyarta ta kawo yadin 'yan makaranta, ta ce a'a.

"Ikon Allah! Inna, ko mun yi laifi ne?"

"Ba ku yi ba, 'yata. Ido ne. Kai wa yarinyar nan ta bakin titi, hannunta na da kyau."

A hankali ƙafa ta ɗauke. Igiya ta zama wayam. Sai ta yi sallah ta zauna a kan darduma tana jin motoci na wucewa, har wata sallar ta zo. In ɗanta ya kira ta ce lafiya lau, don me za ta tayar masa da hankali yana can cikin mutane? Kullum tana sauraron jikinta ta ji ta ina abin zai fara. Shiru. Har abinci take ci da daɗi, tana jin kunyar hakan.

Da ta ga kwana na ja, ta ce bari ta je ta nemi gafarar matan nan tun tana iya hawa mota.

Uwar Tagwaye ta rame, amma bakin na nan. "Ga 'yar gudun hijira! Ina kika shige?"

Mai-keke ta durƙusa kusa da ita. "Na zo ne ku yafe mini. An sallame ni."

Ɗaki ya yi tsit. Nas ɗin da ke gyara wa wata allura, wadda suke kira Sista, ta waigo. "Wa ya sallame ki, Mama? Mu ga katinki." Ta fita da shi, ta dawo, ta ja kujera ta zauna gab da ita.

"Kina shan maganinki?"

Mai-keke ta zaro kwalin, ko ɓarewa ba a yi ba. Sista ta dafe kai.

"Mama, saurare ni da kyau, in ba ki gane ba ki tsayar da ni. Abin da aka cire miki an bincika shi har cikin ƙwayoyinsa. Naki mai sanyin jiki ne, ba ya gudu. Wani sinadari na jikinmu mata shi ne abincinsa, wannan ƙwayar kuma ita ke hana shi ci. Ruwan nan ba abin da zai ƙara miki sai wahala, shi ya sa aka ɗauke miki. Amma in ba ki sha ba, kin bar masa ƙofa a buɗe."

Mai-keke ta kalli kwalin. Sannan ta yi abin da ba ta saba ba, ta ce, "Sake faɗa mini, 'yata."

Sista ta sake, a hankali.

"Har yaushe zan sha?"

"Shekaru, Mama, in Allah ya yarda. Kuma gobe ki dawo ki ga likita, a gaya masa ba ki fara ba."

"Ku ji mini mata!" in ji Uwar Tagwaye. "Mu muna nan ana dafa mu da ranmu, ke an ba ki na 'yan gata kin je kina jiran Mala'ika. Sista, ba ni ƙwayar, ki sa mata ruwan!" Aka yi dariya. Uwar Tagwayen ma ta yi, sai dai ta juya fuska bango tana goge ido da bakin zane. Ta miƙo gorar ruwanta. "Sha a gabana, Yaya."

Mai-keke ta yi bisimilla ta haɗiye.

A tashar mota ta kira ɗanta. Ta ce, "Likita ya ce jikin da sauƙi."

"Alhamdu lillahi, Umma. Ai dama kin gaya mini. Ina tsakiyar aiki, zan kira ki anjima."

Ta ce to, Allah ya yi albarka. Ta riƙe wayar a cinya, ta rasa wa kuma za ta gaya wa, tunda ba wanda ya san ta yi sallama da duniya. Mota ta zo ta cika ta tafi, ba ta tashi ba. Ta zauna tana hamdala a hankali, har wata motar ta zo, ta shiga.