Kashta a Dutsen Shafa

Shekarun baya, ina sabuwar zuwa Makka, na tafka wani shirme da har yau ƙanwar mijina take tsokanata da shi. Yanzu ni ma ina taya ta dariya, amma wallahi a lokacin ba abin dariya ba ne.

Ni 'yar Kano ce. Maigidana kuwa haifaffen nan ne, kakanninsa suka zo aikin Hajji suka zauna. Gidansu yana unguwar Hindawiyya, mu a sama, mahaifiyarsa da ƙanwarsa a ƙasa. Hausa suke yi, amma irin wadda za a fara zance da "kin gane ko" a ƙarasa shi da Larabci. Rabin hirar gidan haka take wuce ni, ina ta gyaɗa kai ina murmushi kamar na gane.

Ban cika shekara ba na samu ciki, ya yi 'yan watanni ya zube. Abin ya buge ni ba kaɗan ba. Na shige ɗaki, ba ci, ba magana. Surukata, wadda nake kira Umma, sai ta hawo da kunu ta ajiye, ta ɗan tsaya a kaina, ta juya ta sauka ba ta ce uffan ba. Da a gidanmu ne, da gwaggonni sun cika ɗakin da ba da haƙuri. Sai na ɗauka haushina take ji. Wata rana baƙin ciki ya ci ƙarfina, na ce wa maigida ya mayar da ni gidan ubana, da ƙarfi kuma, yadda na ƙasa za su ji. Ina rufe baki na yi nadama. Ina son mijina, ba na son barin gidan nan.

Bayan 'yan kwanaki ina saukowa daga bene na jiyo Umma tana ce wa ɗanta, "Zaman nan ba zai yiwu ba. Ranar Alhamis ka kwashe mu mu hau Shafa, mu je can mu kashta, kowa ya huta. Halas."

A kunnen Bakanuwa "mu kashta" ai "mu kashe ta" ne. Ban yi zaton raina za su ɗauka ba, haukata ba ta kai nan ba. Na ce shi ke nan, maganar aurena za a kashe, an zaɓi bayan gari ne don kada maƙwabta su ji kukana. Na koma sama a hankali, ban tambayi kowa ba. Wa zan tambaya?

Ranar Alhamis da la'asar aka loda mota. Tanti, darduma, barguna, murhun gas, tukwane, har da buhun gawayi. Na ce a raina, ikon Allah, sakin mutanen Makka har da tanti ake yi!

Shafa dutse ne can sama da Ɗa'if, inda mutanen Makka suke gudun zafi. Hanyar sai nannaɗewa take, kunnuwana suka toshe. Ga birai jere a bakin titi, ƙanwar mijina tana ta zungurina, "Matar Yaya, dubi wancan mai goyo!" Ni ko biri ko raƙumi, duk ɗaya ne a wurina. Muka sauka a wani filin shaƙatawa na gwamnati, kowane iyali da gurbinsa na kafa tanti da wurin hura wuta, ga ɗan masallaci a gefe. Hazo ya sauko, sanyi yana ratsa abaya. Rabona da jin sanyi tun Kano.

Abin da ya ƙara tsorata ni shi ne yadda kowa yake lallaɓa ni. Maigida ya gasa nama, ya zaɓo mai taushi ya miƙo mini. Umma ta dafa salig, shinkafar nan da ake dafawa da madara da romon kaza, ta tura mini gefen da ya fi mai. Ta cire mayafinta mai kauri ta lulluɓa mini. Na ce to, lallashin ban kwana ne. Duk lokacin da ta yi gyaran murya sai in ce yanzu za a fara, sai kawai ta ce a ƙara na'a-na'a a shayin. Haka muka kwana ba a kashe komai ba.

Da safe maigida ya ce lokacin furen wardi ne, mu zaga gidajen da ake dafa shi a fitar da turare. Gonakin furen suna nan kewaye da dutsen, ana tsinka tun kafin rana ta yi zafi. Muka shiga wannan, muka leƙa wancan. Manyan tukwanen jan ƙarfe a jere kan wuta, an rufe su ruf, bututu ya fito ya ratsa ta cikin ruwan sanyi, ruwan wardi yana ɗiga cikin ƙatuwar kwalba, mai kuma yana tasowa a sama. Da a gida na ga tukwane da bututu haka, da na rantse ba abin arziki ake dafawa ba. Ƙamshi kuwa har cikin maƙogwaro.

Suna da wata al'ada a wurin, in baƙo ya zo sai a zaunar da shi a zazzaga masa fure a kai. A gidan ƙarshe da muka shiga Umma ta karɓi kwandon furen da kanta, ta ce in zauna. Furen ya zubo mini a kai, a kafaɗa, ya cika cinyata, mai sanyi da sauran raɓa. Nan haƙurina ya ƙare. Na fashe da kuka a gaban mutane.

"Umma, don Allah in za a kashe ta a kashe ta yanzu. Na gaji da jira."

Ta tsaya da kwando a hannu. "A kashe wa, 'yata?"

"Maganar. Na ji kin ce a zo nan a kashta."

Ƙanwar mijina ce ta fara ganewa. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. "Wayyo cikina! Matar Yaya, ai wannan ita ce kashta! A fita bayan gari, a kafa tanti, a sha shayi. Larabci ne! Tun jiya fa muke kashta!"

Maigida ya dafe kai. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage, da na shige da furena.

Umma ba ta yi dariya ba. Kallo ɗaya ta yi musu, suka tuna suna da abin saya a ciki. Ta ja hannuna zuwa bakin gona, muka zauna kan wata 'yar katangar dutse. Ta daɗe tana cire mini furen daga mayafi.

"Tun ranar kike ɗauke da wannan ke kaɗai?"

Na gyaɗa kai.

"Kafin in haifi mijinki ni ma nawa ya zube," in ji ta. "Mata suka cika mini ɗaki, kowa da abin da take faɗa, na rasa inda zan sa kaina. Na ce in Allah ya ba ni suruka ba zan dame ta da surutu ba. Ashe shirun nawa ne ya cuce ki." Ta share mini fuska da tafin hannunta. "Don ke aka fito, ki sha iska. Wanda duk yake son mayar da ke Kano sai ya fara mayar da ni, ni kuwa ban ma san hanya ba."

Na yi dariya ina kuka. A ranar na ci abincin da ban ci ba tun da abin ya faru.

Da na waiwaya yanzu, tausayinmu nake ji mu biyun. Gida ɗaya, bene kawai tsakaninmu, ita tana ganin tana kare ni, ni ina ganin ta tsane ni. Shi ya sa in aka kawo baƙuwa unguwarmu, in na ga tana yawan murmushi a cikin hira, sai in matsa kusa in tambaye ta me ta ji an ce. Sau da yawa abin da ta ji daban, abin da aka faɗa daban.

Larabci dai na iya shi daga baya, har ciniki nake ja da shi a kasuwa. Amma daga wannan fitar, in dai ina wuri, Umma ba ta ƙara sa kalmar Larabci a zancenta ba. In ta suɓuce mata sai ta tsaya ta nemo ta Hausa, ko da za ta daɗe tana laluba. Na sha ce mata, "Umma, ai na iya yanzu." Sai ta ce ta sani. Haka ta riƙa yi mini har Allah ya karɓi abarsa.