Ambulan ɗin da Bitrus ya bar mini

Shekara shida ke nan da rasuwar Bitrus, amma har yau in baƙuwar mota ta tsaya a ƙofar gidan da nake gadi a Yelwa, sai gabana ya faɗi kafin in miƙe. Lokacin da yake raye ko sunana ban iya rubutawa ba. Bayan ya tafi ne na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina zuwa da yamma sau uku a mako, har na kai yau da zan ba da labarinsa da hannuna.

Sunana Buba. Iyayena makiyaya ne, shanu suka ƙare na shigo gari na kama gadi. Gidan na haya ne, ɗalibai da ƙananan ma'aikata ke ciki. Bitrus mutumin Bogoro ne, ɗakinsa shi ne na kusa da ƙofa, tagarsa tana kallon bencina. Yana ce mini Baffa, ni kuma ina ce masa Injiniya don tsokana, domin ban taɓa ganinsa da sifana ba. Kullum yana gaban kwamfuta, in an ɗauke wuta ya fito ya zauna kusa da ni yana cin gyaɗata.

Wata rana na tambaye shi wai me yake yi ne a cikin akwatin nan har bayansa ya fara lanƙwashewa. Ya ce, "Baffa, in baƙo ya zo, me kake fara tambayarsa?" Na ce wane ne shi. Ya ce, "Sannan?" Na ce wurin wa ya zo, domin sanin mutum ba shi ne izinin shiga ɗakin kowa ba. Ya tafa hannu ya ce, "Ka gama karatuna gaba ɗaya, sai a ba ka takardar shaida." Manhajar da suke ginawa, in ji shi, tambayoyin nan biyu take yi wa duk wanda zai shiga kwamfutar wani wurin aiki. Ƙananan asibitoci da makarantu suna amfani da ita. Ita ke barin nas ta ga takardar mara lafiya, ta hana wanda ba aikinsa ba ne.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne a buɗe suke ginin, kowa a duniya zai iya duba yadda aka yi ta, ya ɗauka kyauta. Na ce wane irin kwaɗo ne wannan da ɓarawo ya san cikinsa? Ya ce ɓarawo zai leƙa ko an yarda ko ba a yarda ba, gara mutanen kirki ma su leƙa, su ga inda ya yi rauni kafin shi.

A watansa na ƙarshe sun gano irin wannan rauni, wata ɓaraka da mutum zai iya bi ya shiga ba tare da an tambaye shi komai ba. Ba su yi shela ba. Suka tsara aiki: a gyara a ɓoye, a gwada na mako biyu, a sa hannu, a saki sabon zubin manhajar, sannan a faɗa wa duniya abin da ya faru. Ya rubuta tsarin a jikin kwali ya manna a bango. Ban iya karanta shi ba, amma ta taga ina ganin layukan da yake sokewa, ina ganin suna raguwa. Ranar Talata suka sa za a saki. Ya ce ba a saki ranar Juma'a, domin in abu ya ɓaci kowa ya tafi hutu.

Sa hannun shi ne abin tsoro. Su uku ke da mabuɗi, wani ɗan ƙarfe da bai kai ɗan yatsa ba, wanda ake sawa a jikin kwamfuta. Sai biyu daga cikinsu sun sa hannu asibitocin nan ke yarda cewa sabon zubi na gaskiya ne. Ɗaya yana wurin Bitrus, ɗaya wurin abokiyar aikinsa Rahila da ke Jos, wadda ban taɓa gani ba sai dai muryarta da nake ji ta taga in suna waya. Na ukun, wani mutum a ƙasar waje, an sace jakarsa da mabuɗin a ciki. Sakin ranar Talata shi ne zai soke mabuɗin da aka sace. Kafin nan, duk wanda ya haɗa wancan da na Bitrus zai iya sakin gurɓatacciyar manhaja, kowa ya karɓa hannu biyu.

Ranar Asabar da safe zai tafi gida bikin ɗan'uwansa, ya dawo Litinin. Ya miƙo mini ambulan a liƙe, da rubutu a bayansa. Ya ce mabuɗin ne da kalmomin sirrinsa, ba ya son yawo da su a mota. Ya ce, "In wani abu ya faru, kada ka ba wanda ya zo shi kaɗai. Sai mutum biyu: ɗaya daga wurin aiki, ɗaya kuma yayata Saratu, wadda ka sani." Na ce me zai faru a kwana biyu? Ya yi dariya ya ce, "Kai ne bankin da ya fi kowane tsaro, Baffa. Ko an matsa maka ta waya ba ka iya karanta wa kowa abin da ke ciki." Na yi dariya tare da shi, amma maganar ta ɗan sosa ni.

Motarsu ta yi hatsari a hanyar Dass. Bai kai gida ba.

Nan ne na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Mutanen cocinsu suka yi zaman makoki a tsakar gidanmu, aka jera kujeru, kowa yana faɗin alherin mamaci kamar yadda aka saba. Wannan ya ce ya gyara masa waya, wancan ya ce ya kai matarsa asibiti. Da aka zo kaina, ina so a san yadda muke da shi, sai na ce, "Yaron nan bai ɗauke ni mai gadi ba. Har amanar aikinsa a hannuna ya bari." Mutane suka gyaɗa kai. Wurin cike yake, kuma ban san rabinsu ba.

Kwana huɗu bayan haka, da hantsi, wata farar mota ta tsaya. Mutumin da ya fito mai ladabi ne, ya gaishe ni da sunana, ya yi mini ta'aziyya har idonsa ya yi ja. Ya ce daga wurin aikin Bitrus yake, Rahila ce ta aiko shi. Ya san batun Talata, ya san da ɓarakar, ya san da kwalin bango. Ya ciro takarda mai hatimi. Na ce ban iya karatu ba. Ya ce bari ya karanta mini. Na ce, "Ranka ya daɗe, in kai ka kawo kuma kai ka karanta, ai bakinka kawai na ji sau biyu." Ya yi murmushi, ya ajiye takardar a kan benci. Kafin ya shiga mota ya ce, "Malam Buba, duk ranar da ka ƙara riƙe abin nan, takardun marasa lafiya a buɗe suke kwana. In aka shiga, sunanka za a kira."

Abin da ya fi tsorata ni shi ne gaskiya ya faɗa. Bitrus da bakinsa ya gaya mini haka. In na riƙe, ɓaraka tana nan. In na bayar ga wanda ba shi ba, na buɗe ƙofar duka da hannuna. Na kira Saratu, wayarta ba ta shiga, tana ƙauye wurin makoki. Na aika saƙon baki ta wani dattijon cocinsu da zai je ƙarshen mako. Na ciro ambulan daga buhun geron da na ɓoye shi, na naɗe a leda na ɗaure a ƙuguna ƙarƙashin riga. Da shi nake alwala, da shi nake salla. In keke ya rage gudu a layinmu sai in dafa ƙuguna.

Ya dawo bayan kwana biyu, ya kara mini waya a kunne. Wata mace ta ce ita ce Rahila, tana kuka, tana roƙona don girman Allah. Muryar ta yi kama, ban isa in rantse ba ita ba ce. Hannuna har ya kai ƙuguna. Abin da ya tsayar da ni ƙaramin abu ne: idon mutumin ya bi hannun nawa kafin in taɓa komai. Shekara ashirin ina gadi, na san yadda mai zuwa wurin ɗan'uwansa ke kallon ƙofa, na san yadda mai auna tsayin katanga ke kallo. Na ce su zo da Saratu. A zuwansa na uku ladabin ya ƙare, ya ce zai kawo 'yan sanda, kayan aikin mutane na riƙe. Na ce ya kawo su, su biya ta Bogoro su ɗauko Saratu. Ban sake ganinsa ba, kuma har yau ban san ko wane ne ba.

A rana ta goma sha ɗaya keke ya sauke mata biyu. Saratu na gane, ta rame. Ɗayar gajeruwa ce mai tabarau, ta ce, "Baffa, ni ce Rahila, na sha jin tarinka ta taga." Ba ta aiko kowa ba, ba ta kira kowa ba, ba ta ma san inda mabuɗin yake ba sai da ta je gaisuwa ƙauye ta tarar da saƙona. Na shiga ɗakin gadi na kwance ledar. Ta karanta bayan ambulan ɗin, ta yi dariya, hawaye na zuba. Ban tambaye ta me aka rubuta ba. Na zaci wasan nan ne na rashin karatuna, kuma ban so in ji shi a gaban mutane. Na dai roƙi ta bar mini fankon. Sun saki manhajar ranar wata Talata, a makare da mako biyu. Na tambaye ta ko an cutar da wani a kwanakin da na riƙe. Ta ce ba su ga alama ba, amma ba za ta iya rantsuwa ba. Wannan amsar ma ina ɗauke da ita.

A shekarata ta uku a aji na ɗauko takardar mai farar mota na karanta, baƙi bayan baƙi. Hausa ce mai kyau. Ta kira ni amintaccen marigayi, ta gode mini, ta ce alhakin rayuka na wuyana. Da na kai ƙarshe na gane cewa da na iya karatu a lokacin, da takardar zan kalla, ba idonsa ba, kuma da na ba shi.

Ina yawan tunanin me Bitrus zai ce da ya ga yau. Yanzu mai farar mota ba ya bukatar mota. Saƙo yake turowa a waya, da sunanka, da gaisuwa. A ajinmu akwai wani mai faci, dattijo, wanda ya yi murnar karanta saƙo da kansa karon farko, aka ce ya turo lambar da ta shigo masa, ya tura. Kafin la'asar ana aika wa 'ya'yansa magana da sunansa. An ce mini har murya inji ke kwaikwaya yanzu, ta fito sak. Ina jin Bitrus ba zai yi mamaki ba. Zai manna sabon kwali ne a bango. Ni ne dai nake tsoro, domin abin da na sha wahalar koyo ya zama wata ƙofa a jikina, kuma ni ne mai gadinta.

Watan jiya Rahila ta zo. Suna shirin wani babban saki, masu mabuɗi sun zama biyar, kuma suna son a ajiye na ko-ta-kwana a hannun wanda ba ya cikin aikin. Na ce, "'Yata, ki nemi wani. Yanzu na iya karatu." Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Baffa, wai ba ka karanta bayan wancan ambulan ɗin ba har yau?" Ban karanta ba. Shekara shida yana ƙasan akwatina, ina gudunsa. Na ɗauko, na karanta a gabanta da ɗan yatsa a kan layi. Ga abin da ya rubuta: "Rahila, mutumin nan ba ya buɗe wa mai gaggawa, ko ni ne. Ku zo ku biyu, ku yi haƙuri da shi."

Babu maganar karatu a ciki ko kalma ɗaya. Wasa yake yi mini a baki, abin da ya sani game da ni kuma ya rubuta a takarda.

Ɗakinsa yanzu wani ɗalibi ke ciki, an yi wa bangon fenti. Rahila ta ce da wuya a sami layin da ya rubuta da hannunsa wanda ba a canja ba a manhajar. Amma dokar mutum biyu tana nan, kuma har yau ba sa saki ranar Juma'a. A wurina abin da ya rage shi ne layi biyun nan, da tsoron da ban ƙara neman rabuwa da shi ba, tunda shi ne ya riƙe hannuna a ƙugu ranar da na kusa bayarwa.

Mai karatu zai so ya ji ko na karɓi sabon ambulan ɗin. Na taɓa faɗin irin wannan magana a gaban taro, don a san ina da daraja a wurin mamaci, kuma na ga motar da ta biyo baya. Ba zan maimaita a jarida ba. Duk mai son sani ya zo da rana, ya faɗi ko shi wane ne da wurin wanda ya zo, kuma kada ya zo shi kaɗai.