Ranar da na ce wa dattijo a'a

Ƙamshin turaren wuta ne ya raka ni jarrabawa a ranar. Tun da safe Inna ta kifa kwando a kan kasko, ta shimfiɗa lafayata a kai, hayaƙin sandal ya ratsa ta zare-zare. A cikin taksi wata tsohuwa ta tambaye ni da Larabci ko gidan biki za ni. Na ce jami'a za ni. Ta ce to, Allah ya sa ango ya yaba.

Shekarata ta biyu ke nan ina haɗa karatu biyu, shari'a da kasuwanci. Kasuwancin zaɓin Baba ne. Shagon kayan turare gare shi a unguwar Mardjandafak, yana son a samu wani a gida da zai iya magana da mutanen kwastan da na banki da Faransancinsu. Shari'a kuwa ni na zaɓe ta. Ina jin jimlolinta ne suka ja ni, yadda suke tafiya a hankali kamar mace ɗauke da tulu, ba sa zubar da ko ɗigo.

Yajin aiki ya riga ya cinye mana shekara guda, muka yi ta zaman gida. Da aka koma, ƙannen Baba suka same shi wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, suka ce taura biyu ba ta taunuwa, yarinya kuma girma take yi. Ina bayan labule ina jin su. Baba ya ce, "A bar ta bana. In ta faɗi a shari'a, ta ajiye ta, ta riƙe kasuwanci. Na faɗa." Tun da nake ban taɓa ganin ya ce na faɗa ya janye ba.

A rubutacciyar jarrabawar dokar ciniki da ƙyar na sha. Saura ta baka, wadda ɗalibi yake zama shi kaɗai gaban malami ya amsa tambayoyi. In na faɗi wannan, shi ke nan. Karatun na san shi. Abin da ban iya ba shi ne kallon babba ido cikin ido, balle in ce masa ba haka ba ne. Haka aka rene mu, kuma ban taɓa jin nauyin abin ba sai a jami'a.

Ina da ƙawa 'yar unguwar Kabalaye, 'yar kudu, mai dariya har a ji ta a aji na gaba. Na tarar da ita a barandar ɗakin jarrabawa tana firfita da littafi.

"Ga amarya ta iso," in ji ta. "Ke dai in dattijon malamin nan ya ce miki kogin Shari ya koma gudu baya, cewa za ki yi, haka ne Malam, ni ma na gani."

"Allah ya shirye ki."

"Amin, bayan ya buɗe bakinki. Shiga, ke ake kira."

Babu wuta, fankar sama tana tsaye. Malamin dattijo ne mai furfura har a gira, ya ɗora tabarau a ƙarshen hanci. Na gaishe shi da Faransanci, na zauna, na kafa idona a kan takalminsa da ke leƙowa ta ƙarƙashin tebur. Ya tambaye ni sharuɗɗan ciniki, na jero su. Ya tambaye ni wani abu kuma, na amsa. Har na fara jin iska tana shiga ƙirjina.

Sai ya jingina da kujera ya ce, "Madalla. Ke nan ciniki bai ƙullu ba sai an biya kuɗi an karɓi kaya. Ko ba haka ba, Madmazel?"

Na san ba haka ba ne. Dokar da muka karanta ta ce da zarar mai saye da mai sayarwa sun amince a kan kaya da farashi, ciniki ya ƙullu, ko ba a biya ba, ko ba a miƙa ba. Amma kafin in ankara bakina ya riga ni.

"Haka ne, Malam."

Na ji ƙarar murfin alƙalami da ya cire. Na ga kaina a shago ina auna humra har tsufa, littattafan shari'a suna cikin akwati gara tana karatunsu.

"Malam," na ce wa takalmin, "akwai wani abu da ya faru a shagon mahaifina."

"Ina jin ki."

Na ba shi labarin wani ɗan kasuwa daga Nijar da ya taya buhun itacen sandal, suka daidaita, Baba ya ce na sallama, mutumin ya tafi sallar la'asar bai ba da ko sisi ba. Kafin ya dawo wani ya zo da kuɗi a hannu, ya yi ƙari mai tsoka. Baba ya ce masa ya yi haƙuri, buhun ba nasa ba ne yanzu, ajiya ce.

"To sai me? Mahaifinki mutumin kirki ne. Cewa kike yi na yi kuskure?"

"Ban ce Malam ya yi kuskure ba."

"To wa ya yi? Madmazel, alƙali ba ya zama a ƙarƙashin tebur. Ina nan sama."

Ɗaga kaina a lokacin ya fi ɗaga turmi nauyi. Na ɗaga. Idanunsa ƙanana ne, jajaye saboda zafi, kuma babu fushi a cikinsu, jira kawai yake. Na ce, "A'a, Malam, ba haka ba ne." Na kawo masa dokar daga farko har ƙarshe. Rufin bai faɗo ba. Ya yi ɗan rubutu, ya mayar da murfin alƙalami.

"Sai mun haɗu a aji uku," in ji shi. "Ki turo mini na gaba. Kuma ki gaya wa mai yi miki turaren nan ta rage, kaina ya fara juyawa."

A baranda na zauna a ƙasa ina dariya hawaye na zuba. Ƙawata ta sayo mana zoɓo mai sanyi, muka sha a inuwar dalbejiya, ta sa ni na maimaita mata a'a ɗin har sau ba adadi. Daga nan na wuce shago. Baba yana ɗaure wa wata mata kaya. Na durƙusa na gaya masa. Bai ɗago ba, ya ce, "To, madalla," ya ci gaba da ɗaurinsa. Na ɗan ji babu daɗi, amma sauƙin da ke raina ya fi ƙarfin haka.

Sai bayan rasuwarsa, ina aiki har na yi 'ya'ya, Inna ta gaya mini cewa Baba ya yi nadamar sharaɗin tun a Juma'ar da ya furta shi, amma a gaban ƙannensa ya faɗa, babu hanyar janyewa. Ranar jarrabawar da azumi ya tashi, yana roƙon Allah kada a kai shi ga cika maganarsa.