Guduma da Maganin Kitsen Jini

Duk wanda kujerar falonsa ta lotsa a unguwar, shagon Guduma ake kwatanta masa. Mace ce doguwa, siririya, mai faffaɗan tafin hannu. Wurin mahaifinta ta koyi gyaran kujeru tun tana 'yar makaranta, da ya rasu kuma ta gaji shagon. Sunan ya manne mata ne saboda ƙaramar gudumar da ba ta rabo da ita a aljihun rigar aiki, har 'ya'yanta in za su kwatanta gidansu, gidan Guduma suke cewa.

Shagon ɗaki ɗaya ne mai zurfi. Soso jibge har rufi, yadudduka a nannaɗe jikin bango, keken ɗinki a bakin taga, ƙasa kuwa ba a takawa babu takalmi saboda ƙananan ƙusoshi. Mijinta direban bas ne da ya ajiye aiki, shi ke kai wa mutane kujerunsu a tsohuwar motarsa. Oga yake kiranta, ita kuma ta ce masa Direba.

Wata rana ta rungumo hannun wata kujera za ta juya ta, sai ta ji wani abu ya tokare ta a mama na hagu. Ta taɓa, ta ji ƙullutu. Ba ta tsaya jan ƙafa ba, a makon ta je asibiti. Aka yi gwaje-gwaje, aka ce sankarar mama ce, amma an tare ta da wuri. Aka yi mata aiki aka cire maman, sannan aka shiga ƙarin ruwan magani, wanda ya zubar mata da gashin kai ya kuma hana ta jin ɗanɗanon komai. Daga nan sai aka shiga gasa mata ƙirji da na'ura. Shagon ya daɗe a rufe, Direba ne ke zuwa yana kaɗe ƙura. Da ta samu sauƙi, hannun hagu ya ƙi ɗaguwa sama da kafaɗa. Kullum sai ta tsaya gaban bango tana tafiya da yatsunta a jikinsa sannu a hankali, har ranar da ta iya sauko da soso daga saman tari da kanta.

Likitarta, wata mata mai tabarau da sanyin murya, ta ɗora ta a kan ƙwayar da za ta sha shekaru don kada ciwon ya dawo. Wannan kam, Guduma ta karɓa hannu biyu. Rigimar ta taso ne bayan wani gwajin jini, da likitar ta ce kitse ya yi yawa a jininta, za ta ƙara mata wata ƙwayar.

Guduma ta dubi hannayenta, ta dubi likitar.

“Likita, dube ni da kyau. In aka matse ni kaf, ko cokali ɗaya na mai ba za a samu ba. Ina kitsen ya ɓuya?”

Likitar ta yi dariya, ta ce wannan kitsen ba a gani a jiki, cikin jijiya yake taruwa. Guduma ta karɓi maganin don kunya, amma da ta koma shago sai ta jefa shi cikin gwangwanin ƙusoshi. A ranta ta ce ta sha abin da ya fi wannan ɗaci ta tsira, ba za a mai da cikinta kantin magani ba.

Direba ne ya tona asirin. Ya zo neman ƙusa ya ci karo da kwalin ko ɓarewa ba a yi ba. Bai yi faɗa ba, don ya san matarsa, in aka tura ta gabas yamma take yi. Cewa kawai ya yi zai raka ta ganin likita na gaba, kuma shi ba ya iya ƙarya gaban mai farar riga. Kafin ranar ta zo, ta kai wa wata mata matasan kujera a bene, tana kaiwa tsakiyar matattakala numfashi ya sarƙe mata, sai da ta zauna. Wannan ya tsorata ta fiye da yadda ta nuna.

Da suka je, ita ta fara faɗin gaskiya. Likitar ta sa aka duba zuciyarta, aka ga ba ta lalace ba. Sannan ta ja kujera kusa da ita ta yi mata bayani dalla-dalla. Ta ce magungunan da suka kori ciwon kan gajiyar da zuciya, ƙwayar da take sha yanzu ma takan ɗaga kitsen jini ga wasu matan.

“Mama, mun sha wahala mun raba ki da sankara. Ba na so zuciya ta zo ta ƙwace mana ke. Akwai binciken da ya ga alamar matan da ke shan irin wannan maganin kitsen sun fi daɗewa ciwon bai dawo musu ba, amma ba a gama tabbatarwa ba, don haka ba zan yi miki alkawari a kansa ba. Don zuciyarki na rubuta shi.”

Wannan rashin alkawarin ne ya shige ta. Ita ma ba ta taɓa ce wa mai kujera soso zai yi shekara ashirin ba in ta san ba zai yi ba.

Ta fara sha. Ba a jima ba ƙwaurinta suka dinga ciwo, taka keken ɗinki ya zama aiki. A da, gwangwani za ta nufa. Wannan karon asibiti ta koma, aka sauya mata wani iri, ciwon ya tafi. Ta rage soye-soye, ta kuma tilasta wa Direba tafiyar ƙafa da safe. Yana tafe yana mita, wai shi da ya yi rayuwarsa bisa taya huɗu, yau an mai da shi fasinjan ƙafa. Tumbinsa ya sauka kafin ya daina ƙorafi.

Shekaru suka tura. Gashinta ya fito da furfura, ta aurar da 'yarta, ta ɗauki jika. Kowane gwaji ya fito, kitsen na ƙasa, hoton ƙirji fes. Ranar da likitar ta ce daga yanzu sau ɗaya a shekara za su riƙa haɗuwa, Guduma ta fito ɗakin jira cike da murna, ta nemi wuri ta zauna. Nan ta lura da kujerun wurin. Ledarsu ta yayyage, soso ya leƙo, mata masu ɗaurin kai suna zaune a gefe-gefe don kada ƙarfe ya soke su.

Ta nemi shugabar ma'aikatan jinya, ta roƙi izini. A ƙarshen mako suka zo da Direba, mota cike da sabon soso da leda ruwan ganye. Ita ta riƙa ɗauko kayan tana hawa bene da su, shi yana biye da haki, yana cewa Oga ta jira shi. Suka yini suna ɓamɓara suna bugawa.

Da safiyar Litinin ta dawo ɗaukar almakashin da ta manta. Ta tarar da wata matashiya da aka kawo ƙarin ruwa karon farko, ta jingina da sabuwar kujera, barci ya kwashe ta, mahaifiyarta na riƙe da jakarta. Guduma ta ɗauki almakashinta a hankali, ta sauka, don akwai kujerun wani ofis da ke jiranta a shago.