Waƙar da ba a yi ma guɗa ba

An ce yanzu cikin kwamfuta aka ɗaukar waƙa, in an gama a danna wuri guda, duk muryar da ba a yi aiki da ita ba ta tahi. To ni dai ina hwaɗa musu, ku saurara kahin ku danna. Na ga wanga abu da idona tun zamanin kaset.

Lokacin soja na bisa mulki, kuɗin man hetur sun shigo gari, kowa shina sayen abin da bai sani ba. Ni ina zabiyar mata masu kiɗan ƙwarya nan Ƙofar Taramniya, mu bakwai. Maigidana ɗan kasuwar yadi na, shi yas samo muna abokinai mai gyaran rediyo a Gawon Nama, yaz zo da rakoda da kaset ukku. Zo ka ga murna! Wata har kwalli tas sa, wai don rakoda.

Gwaggona, ƙanwar ubana, ita tak koya mani waƙa, amma ta daɗe da bari. Tac ce ita ba a sa ta cikin akwati tun ba ta mutu ba. Tas samu tabarma can gehe tana harararmu.

Munka wuni muna abu guda. Mu hwara, akuya ta yi kuka. Mu sake, wata ta yi tari. In waƙa ta hita daidai, sai mu rangaɗa guɗa, haka muka yi ko gidan biki. Da munka zo waƙar masu noman gero, sau huɗu ina ɓata ta. Gwaggo tat tashi tsaye.

"Ke, rufa bakinki! Kin mai da waƙar ubanki kukan jaki. Ba ni ƙwaryar nan."

Taɗ ɗauki waƙar tun daga hwari har ƙarshe. Murya ta tsufa, tana rawa, amma wallahi gashin jikina sai da yam miƙe. Da tag gama ba wadda tai guɗa. Ita ko tak koma tabarmarta, ba ta ma san rakoda na juyawa ba.

Bayan kwana biyu maigida ya shigo da wani sabon kaset guda, ya ce ga waƙoƙinmu an tace. Mata sunka cika tsakar gida. Ka ji muryarka daga cikin akwati! Muna ihu, muna dukan juna. Kaset yaƙ ƙare, ban ji Gwaggo ba.

Nic ce, "Malam, ina ta gero?"

Yac ce abokinai ya ce abin da sauƙi: duk wadda anka yi ma guɗa ita ta mai kyau, ya kwashe ta. Wadda babu guɗa ɓatacciya ta. Kaset ukkun da munka cika kuwa gogewa zai yi yau, don kaset tsada garai, shina da wani aiki.

Ban tsaya jin saura ba. Na ja mayahi, takalmi ma na maigida nis sa. Daga Ƙofar Taramniya har Gawon Nama da rana tsaka, ina tafe ina salati. Wani mai keke ya ce, "Lahiya, Hajiya?" Nic ce, "Kauce!"

Na iske mai rediyo zaune shina cin rogo, rakoda na juyawa, jan maɓalli a danne.

"Kashe! Kashe abin nan!"

Yak kashe. "Uwargida, gobara anka yi?"

"Gobarar tana hannunka. Nawa ka goge?"

"Biyu. Wanga na ukku, yanzu nis sa shi. Ai shara ta, daga tari sai akuya."

"Kai ne akuyar. Mai da shi baya mu ji."

Munka kasa kunne. Shiru, shiru, iska kawai. Can sai ga Gwaggo: "...kukan jaki. Ba ni ƙwaryar nan." Zagin da tai mani gogewa ta ci rabinai, waƙar ko tana nan ɗungum. Mai rediyo ya aje rogo. Sai da taƙ ƙare yac ce, "To don Allah mi yah hana ku yi guɗa?"

Nic ce, "Ga ta." Nir rangaɗa mai ita nan cikin shago, har masu awon hatsi sunka leƙo.

Shi yan nuna mani 'yan haƙora biyu a gindin kaset, ya ce in an karye su ba ya sake goguwa. Da tsinken kitsona nik karye su. Ban iya rubutu ba lokacin, sai da nik kusa shekara hamsin nis shiga ajin manya, don haka lalle nid dangwala mai in gane shi.

Da maraice na kunna ma Gwaggo, ina shirin shan zagi. Tas saurara, kai a ƙasa, har ƙarshe. Sannan tac ce, "Wace tsohuwa ta wagga? Ta dai iya. Sake sa ta."