Gaisuwar Tsaye

Ni malamar firamare ce a Tawa, kuma duk wadda ta daɗe gaban allo ba ta karɓar magana sai ta leƙa ƙarƙashinta. Yaro ya ce mini akuya ta cinye masa alli, idona yana kan aljihunsa. Da wannan halin na bi ƙanena a daminar da ya dawo gida yana gaida mutane a tsaye.

Autanmu ne. Tsawo ya kama shi tun yana ƙarami, irin tsawon da ba mu san inda ya gado shi ba, don Baba gajere ne, Inna kuwa ko kafaɗar Baba ba ta kai ba. Da ya shiga lise, wato babbar sakandare, wani malamin wasanni da aka turo daga Doso ya tare shi bakin famfo ya ɗora masa ƙwallon kwando a hannu. Shi ke nan, filin simintin makarantar ya zama gidansa. Yamai ta ɗauke shi, daga Yamai sai Dakar, daga Dakar sai Maroko, ƙarshe wata ƙungiya a wani ƙaramin garin Faransa da har yau bakina bai iya sunansa ba.

A yankinmu na Adar tafiya ba abin mamaki ba ce, kowane gida da ɗansa a Abijan ko Libiya. Amma su an san abin da suke yi, wannan talla, wannan shayi, wancan gadi. Namu kuwa sai a ce wai jefa ƙwallo yake cikin raga ana biyansa. Ranar da zai fara barin gida Baba ya faɗa masa a gabana: "Wasa ba sana'a ta ba. Ranar da ƙahwa ta ƙi ka, mi za ka ci?" Duk da haka ya sa masa albarka, ya tafi.

Kowace shekara in an rufe wasa sai ya zo, mu wuce ƙauyenmu can wajen Afala inda Baba yake noma. Yakan cire takalmi tun daga nesa, ya zo gaban buzun Baba, ya naɗe wannan tsawo nasa ya kai ƙasa kamar raƙumi zai durƙusa. Dattawan ƙofar gida har gyara zama suke don su kalla. Baba bai taɓa ganin wasansa ba, ko a waya aka miƙa masa sai ya kau da kai. Wannan tsugunno shi ne rabonsa da ɗansa. In kuma hutu ya ƙare zai koma, a tsugunnen nan Baba yake ɗora masa hannu a ka ya yi addu'a, sannan ya kama hanya.

A waccan shekarar ya sauka gidana ba sanarwa, cikin motar haya tun daga Yamai, shi da yake son shiga kar, babbar motar fasinja, don hira da mutane. Na lura da wannan, na ajiye. Na lura kuma da dogon wando, alhali mutum ne da na sha yi wa faɗa kan yawo da gajere gaban surukaina. Washegari muka tafi ƙauye. Ya cire takalmi kamar kullum, ya isa gaban Baba, sai ya rusuna daga ƙugu ya miƙa hannu biyu. Gwiwarsa ba ta lanƙwasa ba. Baba ya dube shi daga ƙasa zuwa sama, kuma kallon ya ɗauki lokaci saboda akwai nisa. Ya amsa gaisuwar a taƙaice, ya koma jan casbi. Wani dattijo ya yi tarin da ba na mura ba. Ni da ke bakin zaure kunya ta rufe ni, sai ka ce ni na yi.

Kafin mu juyo Inna ta ja ni bayan rumbu. "Babanku ya ce hannunshi ba ya kai ga kan wanda ke tsaye," in ji ta. "In ɗan ga bai san ƙasa ba, shi koma inda ya hito ba albarka. Ke ce babba, ki bincika min mi ya same shi."

Ba a taɓa ba ni aikin da ya dace da ni kamar wannan ba. Ga shi ana babban hutu, ba ni da yaran da zan sa wa ido sai shi.

Farko na ce girman kai ne. An shimfiɗa tabarma za a ci tuwo, shi sai ya jawo kujerar roba ya ɗora kwano a cinya. Yaran unguwa suka zo suka roƙe shi ya je filin lise, ya je, amma bai yi gudu ba, bai yi tsalle ba, ya tsaya wuri ɗaya yana jefawa suna ɗauko masa. Na ce to, an zama manya. Sai na ji yana waya da Faransanci ƙasa-ƙasa, in na doso ya katse. Na ce mace ce, ya auro Banasariya ya ɓoye mana. Sai na lura ko sau ɗaya bai bi maigidana masallacin bakin layi ba. Da an kira salla sai ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Wannan kam ya wuce girman kai.

Ƙanƙara ce ta ƙarasa ni. Maƙwabciyata mai firiza ta tare ni tana dariya. "Malama, buki kuke ba ku gayyace mu ba? Baƙonku ya ƙare min galas." Ashe safe da yamma yake sayen ƙulli-ƙullin ƙanƙara ya shige da su ɗaki. Me mutum yake yi da ƙanƙara haka bayan rufaffiyar ƙofa, mutumin da ya bar masallaci, ya zauna ƙasar Nasara? Ban so in ambaci sunan abin ko a zuciyata ba, amma na shiga shinshina kofuna. Na tona shara ina neman kwalba. In ya yi magana sai in matso kusa kamar ban ji ba, don in ji warin bakinsa. Ban samu komai ba, rashin samun kuma bai kwantar mini da hankali ba, cewa na yi ya iya ɓoyo.

Wata azahar na gaji. Ladan ya kira, ƙanena ya shige, ya turo ƙofa. Na ba shi ɗan lokaci, na cire takalmina, na tura ƙofar ba sallama.

Salla yake. Yana zaune kan kujerar roba ya fuskanci gabas, ƙafar dama a miƙe, yana sunkuyar da kai maimakon sujada. Wandon a naɗe yake har cinya. Gwiwar ta kumbura ta yi sheƙi, ga tabon ɗinki ya ratsa ta tsakiya. Gefe ga roba cike da ƙanƙara, an lulluɓe ta da tawul ɗina da na yi ta nema har na zargi mai wanki. Na tsaya nan har ya sallame. Ban san wanne ya fi yawa a raina ba, sanyin da na ji don bai bar salla ba, ko haushin da ya biyo baya.

"Don Allah dubi wanga aiki," na ce. "Ka bari duk Afala na zagin ka, ni ina shinshinar kohuna awa mahaukaciya, ashe ƙahwa ta!"

"Yaya, ruhe ƙohwa," in ji shi.

Ya ba ni labarin a hankali. A tsakiyar wasa ya yi tsalle ya sauko ba daidai ba, wani abu ya tsinke a ciki. Aka yi masa aiki, ƙungiyar Faransa ta sallame shi. Likita ya ce kada ya kuskura ya naɗe gwiwar gaba ɗaya da nauyinsa a kai sai ta gama haɗewa. Wayar da yake yi ta wani dillalin 'yan wasa ce, ya samo masa gwaji a wata ƙungiya a Tunis bayan damina. A shekarunsa, in wannan ta wuce shi ba wata.

"To ka hwaɗa ma Baba mana."

"In ce mishi mi? In ce ranar da ya hwaɗi ta zo?" Ya kau da kai. "In ya ji, mai ɗori za shi kira shi ja min ƙahwa. Kuma ba ya bari na in tahi. Ki rantse ba ki hwaɗi."

Na ƙi, ya nace, na rantse. Na kawo masa dabaru iri-iri. Na ce ya tafi ba sallama ya nemi gafara ta waya. Na ce ya zauna cikin mota Baba ya miƙo hannu ta taga. Har na ce mu kifa wa Baba turmi ya hau. Ya yi dariya, karo na farko tun zuwansa, sannan ya ce, "Yaya, ban taɓa shiga hili ba hannun Baba bisa kaina ba. Ba ni hwarawa yanzu." Na dube shi ban yarda da shi ba. Na san yana shirya wani abu, kuma na san ba zai gaya mini ba.

Ranar sallama muka isa ƙauye bayan la'asar. Gero ya yi kai, dattawa sun cika ƙofar gida, har da waɗanda ba su saba zama nan ba, don labari ya zaga. A mota na ce masa, "Ka tsaya tsaye, ni in yi magana." Ya cire takalmi, ya taka a hankali har gaban buzu. Sai na ga ya ja numfashi, ya tafi ƙasa. Ya kai har ƙarshe, kamar yadda ya saba.

Ban ji ƙarar komai ba. Jijiyar wuyansa kawai na ga ta tashi, gumi ya keto masa a ƙeya. Baba kuwa fuskarsa ta saki, ya ga abinsa ya dawo, bai kuma yi niyyar sakinsa da wuri ba. Ya tambaye shi gajiya, ya tambaye shi sanyin Faransa, ya tambayi abokan aikinsa da bai san ko ɗaya ba, ya koma kan gajiya. Ƙanena yana amsawa "lahiya lau" da murya daidai. Ni ina bakin zaure ina cizon gefen mayafina, rantsuwa ta ɗaure mini baki. A ƙarshe Baba ya ɗora masa hannu a ka ya fara addu'a, ya ja ta fiye da kowace shekara. Aka shafa.

Ƙanena bai tashi ba. Hannun Baba ma bai bar kansa ba. Ina jin rawar da jikin yake yi ce ta hau hannun, don na ga murmushin Baba ya ɗauke. Ya dubi dattawan ya ce, "Ku yi gaba masallaci, ina da magana da ɗana." Magariba da saura, amma suka tashi suka kaɗe riguna. Sai da na ƙarshensu ya sha kwana, Baba ya miƙe, ya cusa kafaɗarsa ƙarƙashin hammatar ƙanena. Na rugo na kama ɗaya gefen. Da kyar muka ɗaga shi, ƙafar ta ƙi taka ƙasa.

Baba ya ɗage wandon da kansa ya ga tabon. Ya daɗe yana kallo. Ina jira in ji ya ce ai ya faɗa, bai ce ba. Ni ya juyo ya kalla.

"Ke kin sani?"

"Na sani, Baba."

"Kuma kika bari ina ta tambayar shi sanyin Hwaransa."

Ban taɓa jin tausayin Baba kamar ranar ba.

Gwiwar ta sake kumbura, tafiya ta ja baya. Da ya je Tunis daga baya, suka duba shi suka sallamo shi. Yanzu yana Tawa, yana koya wa yara a filin simintin da ya fara. Na tambayi likita ko tsugunnon nan ne ya ƙarasa ta, ya ce ba wanda zai iya sani. Na tambayi ƙanena, ya ce dama ba za ta yi ba. Ban yarda da ko ɗayansu ba.

Baba bai taɓa tayar da maganar ba. Amma tun daga ranar, da ya ji ƙarar motar ƙanena ta doso ƙauye sai ya bar buzu, ya ɗauki malafa da sanda, ya tare shi tun bai cire takalmi ba. "Mu tai gona," yake cewa, "ka gaishe ni bisa hanya." Ko da rani haka yake yi, lokacin da babu komai a gonar sai kututturen kara.